Bilal na Bahiya

A ƙarshen shekarar 1834 aka kai wani dattijo kurkukun birnin Salvador, a jihar Bahiya ta ƙasar Barazil. Bai yi sata ba, bai zubar da jinin kowa ba. Ubangidansa, wani likita, shi ya ci bashin wasu limaman coci ya kasa biya, sai hukuma ta kama bawan ta tsare, da nufin a yi gwanjonsa a biya bashin, kamar yadda za a kama doki ko akwatin kaya. Sunan da Turawa suka laƙaba masa Pacifico Licutan. Bayarabe ne, sana'arsa naɗin taba a bakin tashar jiragen ruwa, kuma malami ne da Musulmin birnin suke girmamawa matuƙa. Sau biyu almajiransa suna tara kuɗi don su fanshe shi, sau biyu ubangidan yana karɓe kuɗin ya ƙi sakinsa.

Da azumi ya kama, mai gadin kurkukun ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Dare da rana baƙaƙen mutane, bayi da 'yantattu, suna zuwa bakin ƙarfen ɗakin da aka kulle tsohon, su durƙusa su nemi albarkarsa. An ji wasunsu suna ce masa ya ƙara haƙuri, in azumi ya ƙare zai fita.

Salvador a wancan zamani babbar tasha ce a gaɓar Tekun Atalantika, ta taɓa zama hedikwatar Barazil daga 1549 zuwa 1763. Birni ne hawa biyu: ƙasa a bakin ruwa akwai rumbunan sukari da taba da kasuwanni, sama a kan tudu akwai fadar gwamna da coci-coci da gidajen attajirai. Duk abin da zai hau daga ƙasa zuwa sama, buhu ne ko ganga ko Bature a cikin kujerar ɗauka, a kafaɗar ɗan Afirka yake hawa. Jirage suna ɗaukar tabar Bahiya da aka shafe da ruwan rake su kai Wida da Badagiri da Legas, su dawo maƙare da mutane. Daga 1804, da yaƙe-yaƙen jihadi suka kankama a ƙasar Hausa, fursunoni daga ɓangarorin biyu suka riƙa gangarowa kudu hannu zuwa hannu har bakin teku. Ta haka Hausawa suka yi yawa a Bahiya. Bayan su, rushewar daular Oyo ta kwararo da Yarabawa.

Hausawan ba su zauna shiru ba. A watan Mayu na 1807 gwamna ya bankaɗo wani shiri nasu, aka samu bakuna da kibau a wani gida, aka kashe shugabanni biyu. A 1809 sun sake yunƙurawa a ƙauyukan rake. A Fabrairun 1814 suka ƙone wuraren kamun kifi a Itapuwa, arewa da birnin, kuma takardun hukuma sun kira jagoransu da laƙabin "malomi". Duk Bahaushen da ya ji wannan kalma ya san malami ake nufi. Ni dai duk lokacin da na tuna da ita sai jikina ya yi sanyi: kalmarmu ce ta tsakar gida, ta haye teku a cikin ƙugun jirgin bayi, ta je ta faɗa bakin alƙalamin magatakardan Fotugal.

Abin da ya ba Musulmin birnin damar haɗuwa shi ne irin bautar da ake yi a can. Bayi da yawa ba a gona suke ba. Da safe ake sakinsu su shiga gari neman aiki, dako ko ɗinki ko aski ko talla, a ƙarshen mako su kawo wa ubangida adadin da ya yanka musu, saura nasu. Wasu har ɗaki suke haya. A irin waɗannan ɗakuna da ƙarƙashin benaye aka buɗe makarantun allo. Akwai wani Bahaushe 'yantacce, Elesbao do Carmo, wanda ake kira Dandara, mai shagon taba a kasuwar Santa Barbara. A nan yake tara samari yana koya musu karatu da salla. Akwai Luis Sanim, Banufe mai jin Hausa da Yarabanci, wanda ya kafa wani asusu irin na adashi: kowa ya zuba, a raba uku, kashi ɗaya na ɗinka fararen riguna da huluna, kashi ɗaya na biyan iyayengiji kuɗin ranar da ba a yi aiki ba, kashi ɗaya na fansar 'yan'uwa. Suna sa zoben ƙarfe fari don su gane juna. Suna rubuta allo su wanke su sha. Mutanen gari suna kiransu Male, daga kalmar Yarabanci imale, wato Musulmi. Mutanen da doka ta lissafa cikin dukiya suna karatu da rubutu da Larabci, a ƙasar da akasarin 'ya'yanta ba su iya rubuta sunansu ba.

Da suka shirya tawaye, an tsayar da rana: asubahin Lahadi, 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Ranar ta dace da wani bikin coci a unguwar Bonfim da ke nesa da tsakiyar gari, inda manyan birni za su tafi. Da bayi sun fito ɗiban ruwa da sassafe, sai a tashi.

Maganar ta fita tun daren Asabar. Wata 'yantacciya, Guilhermina Rosa de Souza, ta ji daga bakin mijinta da kuma wata ƙawarta, ta gaya wa maƙwabcinta Bature, kafin tsakar dare labari ya isa fadar gwamna. Wajen ƙarfe ɗaya 'yan sanda suka buga ƙofar gidan wani mai suna Manoel Calafate a gangaren Ladeira da Praca. A ciki mutum kusan 60 ne suke cin abinci suna ƙarasa shiri. Da suka ga asiri ya tonu, suka fito da takubba a hannu, sanye da fararen riguna, da layu a wuya.

Wuri na farko da suka nufa shi ne kurkukun da malaminsu yake, a ƙarƙashin ginin majalisar birni. Masu gadi suka buɗe musu wuta daga ciki, sojojin fada suka harbo daga ɗaya gefen dandalin, dole suka janye ba su fito da shi ba. Suka bi tituna suna buga ƙofofi suna kiran 'yan'uwa, suka haɗu da ayarin unguwar Vitoria, inda bayin 'yan kasuwar Ingila suke. Jimillar waɗanda suka fito an ƙiyasta ta kai 600. Bindigoginsu ba su taka kara sun karya ba. Suka gangara bakin ruwa da niyyar fita gari su haɗu da bayin gonakin rake, amma hanyar ta bi ta gaban barikin sojan doki a Agua de Meninos. A nan aka yi karon ƙarshe. Dawakai suka tarwatsa su, wasu suka faɗa teku, aka bi su da harbi daga kwalekwale, wasu ruwa ya ci su. Kafin rana ta fito komai ya lafa. 'Yan Afirka fiye da 70 sun mutu, ɗaya ɓangaren kuwa kusan tara.

Gaskiya a faɗe ta: a wannan tashi Yarabawa ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, Hausawa kaɗan ne. Amma da aka cire layu daga wuyan gawawwaki, aka kwashe alluna da takardu daga gidaje, hukuma ta rasa mai karanta mata, sai ta nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino. Shi aka sa a gaba yana duba ayoyi da addu'o'in neman tsari da 'yan'uwansa suka rataya suka shiga wuta da su. Dandara kuma da aka tuhume shi bai ɓoye ba, ya ce shi malami ne tun a ƙasarsu, kuma a nan ma yana koyar da yara, ba don sharri ba.

Shi kuwa tsohon da ke kurkuku, da aka kawo shi gaban alƙali ranar 11 ga Fabrairu, an tambaye shi sunayen almajiransa da masu ziyartarsa. Ya ce bai tuna ko ɗaya ba. Nasa sunan kawai ya bayar, ya ce Bilal ake kiransa. Alƙalin ya ɗauka rainin hankali ne, don bai san wane ne Bilal ba, bai san bawan Habasha da aka ɗora wa dutse a ƙirji a Makka ya ƙi sakin kalmar tauhidi ba. Mutumin da yake kulle a daren da aka yi faɗan, aka yanke masa bulala 1,000, ana yi masa hamsin a rana.

Ranar 14 ga Mayu 1835 aka fito da mutum huɗu filin Campo da Polvora: Pedro da Goncalo da Joaquim, bayi, da Jorge da Cruz Barbosa, 'yantacce. An kafa sabon gungumen rataya, amma aka rasa wanda zai yarda ya zama hauni ko cikin fursunoni, sai aka harbe su. Aka kafa dokar korar 'yantattun 'yan Afirka da ake zargi, aka ɗora musu haraji, mallakar takarda mai rubutun Larabci ta zama abin da zai kai mutum ga bulala. Ɗaruruwa suka hau jirgi suka koma Wida da Porto-Novo da Legas, inda zuriyarsu suke har yau ana kiransu Aguda. Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888.

Layun nan da takardun shari'ar suna ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahiya, da tawadarsu da irin rubutun da kowane almajirin tsangaya zai gane da kallo ɗaya. Mai karatu, in goman ƙarshe na azumi ya zo, ka sa Bilal na Bahiya da almajiransa cikin addu'arka.