Kwana 90 babu biza: a kan me ƙa'idar shiga ta tsaya a Ɗan Issa?

Motar da ta taso daga Maradi za ta Katsina ba ta da makawa sai ta tsaya a Ɗan Issa. Nan duwan, wato kwastan Nijar, ke duba kaya, 'yan sanda su karɓi katin ɗan ƙasa su dubi hoto su dubi fuska, sannan a ɗaga shinge a nufi Magama da Jibiya, inda jami'an shige da fice da na kwastan na Najeriya ke jira da nasu tambayoyin. A duk wannan hidima ba wanda ke tambayar Bamaraɗe ko Bakatsine biza. An saba da haka har wasu sun ɗauka gado ne. Alhali takarda ce aka sa wa hannu, kuma a 'yan shekarun nan ƙasar da takardar ke kai ta motsa.

Asalin abin yarjejeniyar ECOWAS ce, wato CEDEAO a bakin mutanen Nijar, wadda aka rattaba wa hannu a Dakar a watan Mayun 1979, shekara huɗu bayan kafa ƙungiyar a Legas. Ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar na iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin ya bi ta mashigar hukuma, yana riƙe da sahihiyar takardar tafiya da shaidar rigakafi. Shaidar nan ita ce katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Yana da kyau matafiyi ya san cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai, don haka katin da aka yi shekara goma sha biyar da suka wuce bai mutu ba. A 1986 aka ƙara haƙƙin zama, a 1990 aka ƙara na kafa sana'a. Sai dai tun farko yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon mayar da wanda dokarta ta ce ba a so.

Wanda ya zo daga wajen yankin, Bature ko Balarabe ko ɗan Sin, lissafinsa daban ne. Galibi sai ya nemi bizar Nijar a ofishin jakadanci kafin ya taso, in kuma zai tsallaka Najeriya sai ya sake neman tata. Najeriya ta koma bayar da biza ta intanet tun watan Mayun 2025, ta daina tsohon tsarin bayarwa a filin jirgi. Irin waɗannan baƙi ba su da yawa a wannan hanya yanzu, saboda matsalar tsaro a dazuzzukan iyaka ta kori masu yawon buɗe ido. Maziyartan da ake gani a tafkin Madarunfa da ƙaburburan waliyyan da ke kewaye da shi yawanci 'yan gida ne da maƙwabta.

Kalmar baƙo ma da wuya take zama daidai a nan. Maradi gari ne da sarautar Katsina ta koma bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har gobe kuma ana kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maradi. Layin da ya raba Ɗan Issa da Jibiya Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji aka kafa alamu. Mai zuwa biki ko ta'aziyya ko cin kasuwar Jibiya a kan kabu-kabu ba ya ɗaukar kansa a matsayin mai fita ƙasar waje, shi dai ya je wajen gwaggonsa. Doka kuwa tana ƙirga masa kwana tun ranar da ya tsallaka.

Mutanen wannan iyaka sun riga kowa sanin cewa haƙƙin da ke rubuce na iya tsayawa cak. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na Najeriya. Da aka buɗe wasu a Disambar 2020, Illela da Maigatari na ciki, Jibiya ba ta ciki, sai a Afrilun 2022. Ba a gama shan iska ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙamewa. Manyan motoci suka yi layi, farashin abinci ya tashi a ɓangarorin biyu, 'yan babur suka koma hanyoyin gona. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ƙasashen biyu suka buɗe a watan Maris.

Babban sauyin ya zo ranar 29 ga Janairun 2025, lokacin da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Daga ranar, yarjejeniyar 1979 ba ta ɗaure Nijar, ba ta kuma tilasta wa Najeriya komai game da 'yan Nijar. Abin da ya hana a fara tambayar biza a Ɗan Issa sanarwa biyu ne. Ƙawancen AES, wanda ƙasashen uku suka kafa, ya ce a Disambar 2024 'yan ECOWAS na iya shiga ƙasashensa babu biza, bisa dokokin kowace ƙasa. ECOWAS kuma ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su bar musu 'yancin shiga da zama, har sai an ji sabon umarni. AES ta fito da nata fasfon, ta ce tsohon zai yi aiki har wa'adinsa ya ƙare. A ganina nan ne gizo ke saƙar: yarjejeniya sai an zauna kafin a warware ta, sanarwa kuwa wata sanarwar ce ke shafe ta, kuma yana iya faruwa da safe mutum yana kan hanya.

A watan Janairun 2025 ɗin dai Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi. Ta jaddada cewa sai da takardun tafiya ko na zama, ta tanadi kora da ɗauri da tara mai nauyi, ta kuma ɗora wa duk wanda ya sauki baƙo, ko da kyauta ne, nauyin sanar da 'yan sanda. A garin da kusan kowane gida ke da suruki ko jika daga ƙetaren shinge, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne.

Wanda abin ya fi shafa shi ne dattijon da ya gama aiki yake son ya huta a ɗaya ɓangaren. Wasu ƙasashen sun mai da masu ritaya kasuwa. Tailan na ba mai shekara 50 bizar zama in ya ajiye bat 800,000 a banki, kuma duk kwana 90 sai ya sanar da inda yake. Panama na karɓar mai fanshon dala 1,000 a wata. Najeriya ma ta sa rukunin masu ritaya a tsarin bizarta na 2020. Duk waɗannan an yi su ne don mai kuɗi da ya taso daga nesa. Tsohon direban da ya shekara talatin a Kano ya dawo Ɗan Issa, ko malamar makaranta daga Katsina da ta bi 'ya'yanta Maradi, babu wata biza ta musamman dominsu. Idan ɗan ƙasar ne da takardar shaida, shi ke nan. Idan ba haka ba, bayan kwana 90 sai ya nemi katin zama: a Najeriya wurin hukumar shige da fice, a Nijar wurin 'yan sanda. Da yawa ba su taɓa nema ba, don ba a taɓa tambaya ba. Wasu ma an haife su a gida, ba takardar haihuwa ta kowace ƙasa, kuma ita ce uwar sauran takardu. Ranar da za a kira tantance 'yan fansho, ko rashin lafiya ta sa a nufi asibiti a Katsina, ranar ce ake gane giɓin.

Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maradi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya. Jirgin ƙasa ba ya ratsa gona kamar babur. Duk fasinjan da ya hau sai ya bi ta gaban teburin jami'i, da katinsa a hannu, kuma kafin lokacin gwamnatocin biyu na da aikin rubuta wane kati ne za a karɓa.