Kofin Zakarun Afirka

Mai karatu, kana jin hirar ƙwallo a majalisar samari nan Matankari, ko kana gani a tele. Amma ka san yadda kulob yake kai wa ga kofin Afirka? To, saurara.

Kowace ƙasa tana da tata gasa ta cikin gida. Kulob ɗin da ya zo na ɗaya shi ne zakara. Hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, ita ke tara zakarun nan su kara da juna. An soma wannan gasa a 1964. Oryx ta Duwala, ƙasar Kamaru, ita ta fara cin kofin. A 1997 aka sake mata tsari, aka shigo da wasan rukuni.

Ƙasashe 12 da suka fi ƙarfi suna tura kulob bibbiyu. Nijar ɗaya take turawa. Ke nan zakaranmu shi kaɗai ke ɗauke da sunan ƙasa.

Ana soma wasa wajen ƙarshen damina, lokacin da hatsi ke nuna. Da farko akwai zagaye biyu na share fage. A kowane zagaye ana wasa sau biyu: ɗaya gida, ɗaya waje. Sai a haɗa ƙwallayen duka. Wanda ya kasa, ya koma gida sai baɗi. Duk wahalar shekara da kuɗin jirgi sun tafi ke nan.

To, in ƙwallaye suka zo daidai fa? Ga misali. A 2009 Kano Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar. A Najeriya aka tashi 1 da 1. A Alƙahira aka tashi 2 da 2. Jimla 3 da 3. Amma Pillars ta ci biyu a gidan mutane, Al Ahly kuwa ɗaya ta ci. Saboda haka Pillars ta wuce, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Bayan share fage, kulob 16 ke saura. Sai a kasa su rukuni 4, huɗu-huɗu. Wannan yana faɗowa lokacin sanyi. Kowa zai yi wasa 6. Wanda ya ci yana da maki 3. Kunnen doki maki 1. Wanda aka ci ba shi da komi. Biyu na sama a kowane rukuni su ke wucewa, su zama 8. Daga 8 a koma 4, daga 4 a koma 2. Wasan ƙarshe yana zuwa cikin watan Mayu ko Yuni, sa'ad da manomi ke jiran ruwan shuka.

Zuwa 2025, Al Ahly ta ci kofin sau 12, ba wanda ya kamo ta. Enyimba ta Najeriya ta ci a 2003 da 2004. Kulob na Nijar bai taɓa ci ba tukuna. Amma a ƙaramin kofi na CAF, AS FAN ta Yamai ta kai wasan rukuni a 2010. Hanya dai a buɗe take.

Tambayoyi:
1. Kulob nawa Nijar take turawa?
2. Me ya sa Kano Pillars ta wuce a 2009?
3. Kulob ya ci wasa 3, ya yi kunnen doki 2, aka ci shi 1. Maki nawa gare shi?