Ilmin Kasuwanci A Jami'a: Darasin Da Ke Kwance A Bakin Kogin Jakara

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Minjibir, ko ta Ɗambatta, ko ta Bichi, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, ga ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye a tsakiyar shuka. Wannan yanki yana cikin wuraren da jama'ar karkara suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma, kuma an daɗe ana noma ƙasarsa kowace damina ba hutu, amma ba ta mutu ba.

Masana sun yi ta neman sirrin wannan al'amari, cikinsu har da Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano. Abin da suka tarar shi ne wata tsohuwar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin birni da ƙauye. Da rani manomi yakan ɗora wa jakinsa itace ko hatsi ya kai birni, in zai komo gida ya ciko mangala da taki da toka ya zuba a gonarsa. Watau abin da birni ya ci daga ƙasa, yakan mayar mata da shi.

Wannan tsari, wanda talakawa suka gina ba da takarda ba, shi ne a yau ake koyarwa a sassan nazarin kasuwanci na jami'o'i da sunan kasuwanci mai ɗorewa, tare da ɗan'uwansa, watau hakkin jama'a da ke wuyan kamfanoni. Maganar ta yi ƙarfi a duniya tun daga 1987, lokacin da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa ci gaban kirki shi ne wanda ke biyan bukatun mutanen yau ba tare da ya tauye na 'yan baya ba. Gundarin darasin kuwa shi ne, lissafin riba bai cika ba muddin akwai wata asara da aka bar wa wani ya ɗauka.

Ɗalibin Kano ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya ga misali. Kogin Jakara ya taso ne daga cikin birni, ya haɗu da rafin Getsi wanda ya ratsa unguwar masana'antu ta Bompai, sa'an nan ya zuba a madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gama a 1976. Shekara da shekaru ruwan dattin gidaje da na masana'antu, musamman na jima da na saƙa, yana bin wannan hanya. Binciken malaman jami'a ya sha nuna akwai sinadarai masu illa, irin su kuromiyam da dalma, a cikin ruwan da ƙasar bakinsa. Alhali kuwa da wannan ruwa ne masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyafo da tumatir, a cikinsa ne masunta ke jefa koma, kayan kuma su komo kasuwannin birni. Masana'antar da ba ta tace ruwanta ba ta rage kashe kuɗi, littafinta ya nuna riba, amma manomi da mai cefane su ne suka biya cikon da lafiyarsu.

Tarihin gyaɗa ma darasi ne. Bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, manoman wannan yanki ne suka cika buhunan da aka gina dalar gyaɗa da su. Hukumar cinikin amfanin gona ta riƙa sayen gyaɗar a kan farashin da bai kai na kasuwar duniya ba. Da farin 1973 ya zo, annobar darɓa ta biyo baya a 1975, sai noman ya durƙushe, dalar ta ɓace, hukumomin kansu aka rushe su a 1986. Cinikin da bai ƙarfafa mai noma ba, ranar wahala ba shi da madogara.

Ba a rasa doka ba. Bayan an gano sharar guba da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar kowane babban aiki kafin a fara shi, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idoji. Sai dai doka ba ta tafiya da ƙafarta. Tana bukatar ma'aikacin da ya san abin da zai duba, da manajan da ya san cewa gina masallaci ko rabon shinkafa da azumi, duk da ladarsu, ba sa wanke laifin gurɓata ruwan mutane.

A nan ne nauyi ya faɗo kan jami'a. Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote, tana kuma da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Abin da ya kamata shi ne a haɗa ɗalibin lissafin kuɗi da na kimiyyar ƙasa, a tura su Wasai su zauna da masu lambu, su auna ruwa, su ƙididdige abin da tace shi zai ci da abin da rashin tacewar ke ci. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zauna a kujerun ma'aikatu da na kamfanoni, su sa hannu a takardun izni.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Birnin Kano da masana'antunsa sun daɗe suna cin albarkar gonakin arewacinsa. Mafi ƙanƙantar hakkin da ke kansu shi ne ruwan da suke aika wa mutanen Minjibir ya zama wanda za a iya shuka da shi ba tare da fargaba ba.