Zinariya takan ƙare, suna ya zauna

A shekarar 2014 labarin zinariyar Jado ya game ƙasa. Samarin Damagaram da dama suka sayar da abin hannunsu, suka hau manyan motoci zuwa arewa. Daga baya aka ji Cibarkatan, kusa da iyakar Aljeriya, sannan Ɗan Isa a jahar Maraɗi. Mahaƙa suna cewa zinariya dukiyar aljannu ce, tana gudun mai rowa, tana bin mai rabo. Irin waɗannan tatsuniyoyi sun sha raɗa wa wurare suna a duniya.

Turawan Sifen da suka shiga Kolombiya a ƙarni na 16 sun ji labarin wani sarki da ake shafe shi da garin zinariya, ya yi wanka a tabkin Guwatabita. Suka kira shi El Dorado, wato mai zinariya. Sun nemi birninsa har suka gaji, ba su gan shi ba. Amma da aka tsinci zinariya a Kalifoniya ta Amurka a 1848, sai aka laƙaba wa yankin wannan suna. Haka ma Johanasbag, wadda zinariyar 1886 ta kafa: Zulu suna ce mata Egoli, ma'ana wurin zinariya.

Mu a nan, fatauci ne ya yi mana wannan aiki. Unguwar Zango ta Zinder masaukin ayarin Buzaye ce a wajen ganuwar Birni. Ayarin Tarabulus ya daina zuwa tun farkon ƙarni na 20, amma sunan yana nan, domin fatake sun bar gidaje da kasuwa da zuriya.

Zinariyarmu kuwa aron suna ta yi. Jado tsohon gari ne da ya zama kufai tun kafin mahaƙa su zo, kuma gwamnati ta rufe wurin haƙar a 2017. Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, duniya ta ji sunansa ne a watan Nuwamba na 2021, ranar da rami ya rufta wa mutum aƙalla 18.

To, masu karatu, suna ba ya zama sai inda mutane suka zauna. Ɗan kasuwar da ke ba mahaƙa jari, da ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar izini, su tambayi kansu: rijiya da asibiti da lakwal za a bari a wurin, ko ramuka da kaburbura? Amsar da suka bayar ita jikokinmu za su ji cikin sunan wurin.