Kafin ka loda iyalinka a mota zuwa Abuja babu aiki a hannu

Dare ya yi, an ɗauke wuta, kana kwance kana latse-latsen waya, sai ga sitatus ɗin abokin da kuka gama makaranta tare. Ya jingina da wata baƙar mota a Wuse 2, ya rubuta "Alhamdulillah" kawai. Kai kuma ka san shinkafar gidanka ba za ta kai Juma'a ba, takardunka sun shekara uku a ƙarƙashin katifa, shagon da kake tsare wa wani ciniki ya ja baya. Nan take zuciya ta ce maka: tattara matarka da yaran nan ku tafi Abuja, ai zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, in kun je Allah zai buɗa.

Ba zan ce maka kada ka tafi ba. Bahaushe bai taɓa tsoron hanya ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda kake gani da rufin asiri a Abuja ko Legas da jaka ɗaya suka sauka a tasha. Maganata a kan abu ɗaya ce: da wa za ka fara tafiyar, kai kaɗai ko kai da mace da yara biyu?

Dubi yadda 'yan cin rani suke yi tun zamanin kakanninmu. Mutum zai jira a gama girbi, ya zuba wa iyali hatsi a rumbu, sannan ya ɗauki buhunsa ya tafi shi kaɗai. Kafin ya tashi ya san gidan wanda zai sauka, domin kowane gari akwai zango, akwai mai masauƙi, akwai Sarkin Hausawa. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take wannan aikin, haka Agege a Legas, haka zangon Kumasi. Kuma ya san ranar dawowarsa: da zarar hadari ya fara haɗuwa, ko ya samu ko bai samu ba, yana gida. Abu uku ke nan, ya tafi shi kaɗai, yana da mai masauƙi, yana da ranar komawa. Matashin yau mai digiri da babbar waya sau da yawa ukun duka yake zubarwa, ya maye gurbinsu da lambar wani da suka haɗu a Facebook wanda ya ce masa "kai dai ka shigo, za mu san yadda za a yi".

Wace Abujar za ka?

Abujar da kake gani a TikTok, wato Maitama da Asokoro da Wuse 2, ba nan za ka zauna ba, kai ma ka sani. Sabon zuwa mai ƙaramin ƙarfi yana sauka ne a Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, Dei-Dei, Zuba ko Gwagwalada. Da yawa ma ba a cikin Babban Birnin Tarayya suke kwana ba: Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja kuma jihar Neja. Kullum da asuba ake kwararowa cikin gari, da yamma a kwarara a koma. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi daga Mararaba zuwa shataletalen AYA da safiyar Litinin ya san tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba tana iya cin awa biyu.

Wannan zirga-zirgar kuɗi ce, kuma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai lissafinta ya canza. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Ka tuna kai ba aiki za ka ba, neman aiki za ka, ma'ana kana biyan kuɗin mota zuwa da dawowa a ranakun da babu abin da zai shigo aljihunka. Ga kuma 'yan wan-cans, masu motar da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a hanya, waɗanda baƙon da bai san tasha ba, yana neman mota mai araha, shi ne abincinsu.

Sai haya. A Abuja da kewayenta ba a san biyan wata-wata ba, shekara ake biya gaba ɗaya, wani mai gidan ma ya ce biyu. A kan wannan dillali zai karɓi la'adarsa, yawanci kashi 10 cikin 100, a ce maka akwai kuɗin yarjejeniya, shi ma kusan haka, sannan kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda samun sa a dawo maka da shi sai an kai ruwa rana. A ce ka ga ɗaki da falo an ce naira 600,000. Kafin a miƙo maka makulli ka doshi 750,000, ba ka sayi ko tabarma ba, ba ka biya motar da ta kwaso kaya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ko da ka samu aiki washegarin zuwanka a wannan albashin, albashinka na wata goma ka riga ka zuba a ɗaki. In ka ga mai arha sosai kuma, tambayi dalili. Unguwanni da dama an gina su ne ba da izinin hukuma ba, kuma rusau a Abuja ba labari ba ne. Ranar da katafila ta zo, mai gida ba zai dawo maka da ragowar wata takwas ɗinka ba.

Kana iya cewa to ai ba sai aikin ofis ba, ko acaɓa ka samu za ka ja. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, A Daidaita Sahu ma akwai iyakar inda yake shiga, masu talla a bakin titi kuwa kullum cikin tsere suke da jami'an kula da muhalli. Sana'a akwai ta, wallahi akwai: kasuwar Wuse da ta Utako, 'yan katako da kayan gini a Dei-Dei, 'yan kayan marmari a Zuba, 'yan canji a Zone 4, 'yan waya a Banex, makanikai a Apo, leburanci a wuraren gini. Amma kowace ɗaya da ƙofarta, kuma ƙofar mutum ce. Sai wani ya tsaya maka ya ce yarona ne, na san gidansu. Wannan amanar ba a gina ta a sati biyu, kuma mutumin da ya bar yara a ɗaki ba su karya ba ba shi da haƙurin jiran ta ginu.

A nan ne masu sayar da guraben aiki suke kama mutane. Wanda ke cikin matsi shi ne ke yarda da "kawo dubu ɗari biyar, takardarka ta fito wata mai zuwa". A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin aikin gwamnati, mutane suka tsaya a gabansa suka ce sun biya naira miliyan ɗaya, wani biyu. In kana son sanin yawan masu layi a gabanka, tuna 15 ga Maris 2014, ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a faɗin ƙasa saboda guraben da ba su kai 5,000 ba, turmutsutsu ya kashe fiye da mutum goma, har da a filin wasa na Abuja.

Abin da ba ya shiga mota

Yanzu bari mu zo ga abin da samari ba sa sa shi a lissafi, domin ba a ganin sa sai an rasa. A garinku, ko ba ka da ko sisi, gidanka ba ya kwana da yunwa. Mai shagon layinku yana ba ka taliya da man gyaɗa ya rubuta a littafi har ƙarshen wata. Hajiya tana aiko da ƙanenka da kwanon tuwo ba tare da ka roƙa ba. Yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare, mai kemis ya san ka, maƙwabci zai tayar da babur. Matarka za ta je awo, akwai inda za ta ajiye babban. Wataƙila ma ɗakin da kuke ciki na gidan gado ne, ba ka taɓa biyan haya ba, ruwa kuma rijiya ce a tsakar gida. A Mararaba jarka-jarka za ka riƙa saya wurin 'yan ga-ruwa, na wanka daban, na wanki daban. Duk waɗannan in ka mayar da su kuɗi sun kai albashi guda, kuma albashin nan yana tsayawa ne ranar da motar kaya ta bar ƙofar gida.

Ita kuma fa? Yawancin matan da ake ce wa "ba ta aiki" suna da abin da suke juyawa a cikin gida: ɗinki, kitso, lalle, zoɓo da ƙanƙara, turaren wuta, ga adashe. Jarinta ba keken ɗinkin ba ne kaɗai, matan unguwa ne da suka san hannunta. Ka kai ta inda ba ta san kowa ba, ka fita tun duku-duku ka dawo bayan isha'i a gajiye, rai a ɓace, ita kuma ta wuni tsakanin bango huɗu da yara da waya. Faɗan da ake cewa na rashin kuɗi ne, rabinsa na wannan kaɗaicin ne.

Ke kuma 'yar'uwa, in maigida ya zo da maganar nan, tambaya ba rashin biyayya ba ce. Gidan wa za mu sauka? Kuɗin wata nawa ne a hannu? In bai yiwu ba, ina za mu koma? Kuma ki yi tunani sau biyu kafin ki yarda a sayar da gado da kujeru da 'yar sarƙar gwal ɗinki a yi kuɗin haya. Kayan ɗaki naki ne, iyayenki suka sha wahala suka yi miki, kuma su ne abin da za a waiwaya in rana ta ɓaci. In kin ba da su da yardarki, Allah ya ba da lada, amma ya zama kin san lissafin, ba an ce miki "ke dai ki yi addu'a" ba.

Na san akwai waɗanda wannan maganar ba ta shafe su ba. Wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Zamfara ko Katsina, ko wanda rikicin Borno ya kora har ya tsinci kansa a sansanin Durumi, bai zauna ya zaɓa ba, gudun ceton rai ya yi. Da kai nake, mai zaɓi, wanda gidansa lafiya lau, talauci ne kawai da ganin sitatus suka hana shi barci.

To in ka ƙudura, yi irin ta 'yan cin rani. Bar musu abinci da kuɗin cefane na wata biyu ko uku, ka damƙa su a hannun wanda ka yarda da shi, ka tafi kai kaɗai. Namiji shi kaɗai yana iya raɓawa a ɗakin abokai, ya ci garau-garau sau biyu a rana, ya karɓi aikin da bai kai matsayin takardarsa ba har ya gane gari. Mai masauƙinka kuma ya zama mutum ne da ka san shi ido da ido, ka kira shi ka tambaye shi ƙarara: kwana nawa zan iya yi a wurinka? Gara ka ji "sati biyu" tun kana gida da ka ga fuska ta canza a kwana na goma. Wanda ya ce "kai dai ka zo" bai yi maka alƙawarin komai ba.

Kada ka ɗauko su don ka samu aiki, ɗauko su in aikin ya zauna. Albashin farko ba shaida ba ne, kamfanoni nawa ne ke biyan wata ɗaya su fara "a yi haƙuri"? Jira ka ga kuɗi ya shigo wata uku a jere, ka lissafa abin da ya rage bayan mota da abinci, ka ga ko zai ɗauki mutum huɗu. Ka daidaita tashin da hutun ƙarshen shekarar karatu, yadda yara za su shiga sabuwar makaranta a Satumba maimakon a cire su a tsakiyar zango su yi asarar shekara.

Kuma ba dole ba ne ma su zo. Magidanta da yawa da ke aiki a Abuja iyalansu suna Kaduna ko Zariya ko Kano, inda haya da makaranta suka fi sauƙi kuma dangi ke kusa. Tun 2016 jirgin ƙasa ke tashi daga Idu da Kubwa zuwa Rigasa, ranar Juma'a za ka ga masu tafiya gida, Lahadi da yamma ko Litinin da asuba su juyo. Akwai gajiya, akwai kewar yara, amma in aiki ya tsaya mutum ɗaya ne zai tattara jakarsa.

Sai ranar komawa. Sa ta tun kafin ka tashi, ka faɗa wa matarka da mahaifinka, wata uku ne ko huɗu, domin in ka bar ta a zuciyarka kunya za ta yi ta ɗaga ta. Mutane da yawa da suka maƙale a Masaka ba samu ne ya riƙe su ba, tsoron a ce "ya dawo hannu rabbana" ne. Ware kuɗin motar komawa a wani asusu daban wanda ba ka yawo da katinsa, kada ka taɓa shi ko za ka kwana da yunwa. Ɗakinka na gida kuma kada ka sake shi, shagon da kake tsarewa ka roƙi mai shi ya sa ƙanenka ya riƙe maka zuwa lokacin da kuka yi.