Lissafin Kason Kwalta a Aikin Hanya: Inda Kashi 6 Ke Komawa Kashi 5.66

JOS — Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bauchi ta Naraguta, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Jos yake, ya san irin nauyin da kwaltar wannan yanki take ɗauka. Manyan motoci masu jigilar kaya zuwa arewa maso gabas ba su yankewa, ga kuma damina mai ƙarfi daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Naraguta dai tun farkon shekarun 1900, sa'ad da Kamfanin Neja ya kafa sansanin haƙar kuza a can, wuri ne da aka saba da sikeli da awo. A yau ma akwai wani awo da ya shafi aljihun 'yan kwangila da masu fasa dutse da dillalan kwalta, wato yadda ake sake daidaita kason kayan da ake haɗawa kafin a shimfiɗa hanya.

Abin da jama'a ke kira kwalta a kan titi haɗi ne na abubuwa huɗu: tsakuwa, da garin dutse ko yashi, da lallausan gari irin su siminti ko farar ƙasa wanda ke cike ƙananan ramuka, sai kuma ruwan kwalta da ke riƙe su gaba ɗaya. Ruwan kwaltar ba shi da yawa a nauyi, amma shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba. Kundin ƙa'idojin hanyoyi da gadoji na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya na 1997 ya sa iyakarsa tsakanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari a shimfiɗar sama, da kashi 4.5 zuwa 6.5 a shimfiɗar da ke ƙarƙashinta.

Matsalar tana farawa ne daga tambaya guda: kashi 6 cikin ɗari na mene ne? Akwai hanyoyi biyu da injiniyoyi ke faɗar wannan adadi, kuma dukkansu halal ne a sana'ar. Ta farko ita ce a auna ruwan kwalta da nauyin dukkan haɗin, wato a cikin kowane kilo 100 na abin da aka shimfiɗa, kilo 6 ruwan kwalta ne, kilo 94 kuma dutse ne. Ta biyu ita ce a auna shi da nauyin dutse kaɗai, wato a ɗauki kilo 100 na dutse a zuba masa kilo 6. A hanya ta biyu jimillar ta zama kilo 106, saboda haka idan aka raba 6 da 106, ainihin kason ruwan kwalta ya koma 5.66 ke nan. Wanda yake so ya sami cikakken kashi 6 na dukkan haɗin, alhali injinsa yana lissafi da nauyin dutse, dole ya raba 6 da 94, ya sa 6.38 a kan injin.

Ga misali da adadi na kwatance. A ce ɗakin gwaji ya tankaɗe duwatsun da aka kawo, ya yanke cewa a haɗa tsakuwa kashi 55, garin dutse kashi 40, lallausan gari kashi 5. Wannan ya riga ya cika ɗari, ba a ma zo kan ruwan kwalta ba. Domin a ba shi gurbin kashi 6, sai a ninka kowane ɗaya daga cikin ukun da 0.94. Tsakuwa ta koma 51.7, garin dutse 37.6, lallausan gari 4.7. Idan aka tara su da 6 sai a sami ɗari daidai, kuma dangantakar da ke tsakanin duwatsun ba ta canja ba.

Kuskuren da ya fi saurin shiga shi ne na mai gaggawa, wanda zai cire kashi 6 ɗin daga abu guda, ya mai da garin dutse 34, ya bar sauran yadda suke. A takarda jimilla ta cika ɗari, babu mai tuhumarsa. Amma idan aka koma ga dutsen kaɗai, tsakuwa ta hau zuwa 58.5, garin dutse ya sauka zuwa 36.2. Haɗin da aka gwada daban, wanda aka shimfiɗa daban. Irin wannan haɗi yakan bar ramukan iska fiye da kima, ruwan sama ya sami hanyar shiga, ya raba kwalta da dutse.

Mai karatu zai iya cewa bambancin 6 da 5.66 bai taka kara ya karya ba. To, a duba kilomita ɗaya na hanya mai faɗin mita 7.3, da kaurin milimita 40. Idan kowace mita mai kusurwa shida ta haɗin da aka danne tana da nauyin tan 2.35, ana bukatar kimanin tan 686. A lissafin farko ruwan kwalta zai kai tan 41.2, a na biyu kuwa tan 38.8. Giɓin ya haura tan 2.3 a kilomita guda, a shimfiɗar sama kaɗai. A kwangilar kilomita 50 ya doshi tan 117, kusan cikin tanka huɗu masu ɗaukar tan talatin-talatin. Ɗan kwangilar da ya yi farashi da lissafi na biyu, aka kuma tilasta masa aiki da na farko, daga ribarsa za a cire wannan. Wanda aka biya shi da na farko ya yi aiki da na biyu kuwa, jama'a ne suka biya abin da ba a zuba musu ba.

Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne inda ruwan kwaltar ke fitowa. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ita ce aka gina da sashen samar da shi, daga ɗanyen mai mai kauri da aka riƙa shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait. Yawan tsayawar da matatar ta riƙa yi tun daga shekarun 1990 ya sa masu aikin hanya suka dogara da wanda ake sayowa daga waje, duk da ɗimbin kwaltar da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa a yankin Agbabu ta Jihar Ondo. Kayan da ake saye da dala kuwa farashinsa na bin darajar naira, kamar yadda aka gani bayan da aka saki kuɗin ga kasuwa a watan Yuni na 2023. A kan wannan sai a ɗora kuɗin dakon tanka daga bakin teku zuwa tsaunukan Jos.

Shi kansa adadin ba da ka ake tsayar da shi ba. Hanyar da aka fi sani a ɗakunan gwaji na Nijeriya ita ce ta Marshal, wadda wani injiniyan hukumar hanyoyi ta Jihar Misisifi a Amurka, Bruce Marshall, ya ƙirƙiro wajen 1939, rundunar injiniyoyin sojan ƙasar kuma ta inganta ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin gina filayen jiragen sama. Ana ɗaukar dutse kimanin giram 1,200, a haɗa shi da ruwan kwalta a matakai daban-daban, a danne shi da guduma sau 75 a kowace fuska idan hanyar ta manyan motoci ce, sannan a matse shi a zafin digiri 60 a ga ƙarfinsa. Ko a wannan ɗan ƙaramin samfuri bambancin yana nan: giram 72 a lissafi ɗaya, giram 76.6 a ɗayan.

Tsaunukan Jos suna da nasu ƙarin sharaɗi. Mafi yawan duwatsun da ke kewaye da Naraguta da Jos giranit ne, amma a wajen Panyam da Miango akwai baƙin dutsen da ya samo asali daga aman wuta, wanda ya fi giranit nauyi. Da yake ruwan kwalta fuskar dutse yake shafewa, ba nauyinsa ba, tan ɗaya na dutse mai nauyi ya fi ƙarancin girma, don haka kason da ya dace da giranit yana iya yi masa yawa. Kwalta idan ta yi yawa sai ta tsattsafo a lokacin zafi, tayoyi su yi mata kwari. Ɗan kwangilar da ya sauya wurin sayen dutse saboda rahusa, ya ci gaba da tsohuwar takardar awo, ya sayi matsala da kuɗinsa.

Haka kuma akwai batun laima. A injinan da ke auna dutse a kan bel kafin ya bushe, kilo 1,000 na garin dutsen da ya sha ruwan Agusta, mai laimar kashi 5, busasshensa kilo 952 ne kawai. In ba a gyara lissafin ba, injin zai zuba kwaltar dutsen da babu shi. Idan kuma aka kankare tsohuwar hanya aka mai da ita cikin sabon haɗi, to tana zuwa da nata kason: kashi 20 na tsohuwar shimfiɗa mai ɗauke da kwalta kashi 5 ya riga ya kawo kashi 1, saura kashi 5 za a saya.

Bayan an gama shimfiɗa, injiniyan mai aiki yakan yanko samfuri daga titin, a wanke kwaltar da sinadari a ɗakin gwaji, a auna dutsen da ya rage. Sakamakon yakan zo ne ko dai da nauyin dukkan haɗin ko da na dutse, kuma da shi ake yanke shawarar biya ko a sa a kankare aikin. Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwar da zai sa kuɗinsa a irin wannan kwangila, ko bankin da zai ba da rancen, ya tabbatar cewa takardar ƙa'ida, da takardar farashi, da allon injin haɗawa, da rahoton ɗakin gwaji, duk huɗun sun faɗi a rubuce da wane nauyi suke lissafi.