Makullin Kwamfuta a Shagon Intanet

Tun shekarar 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta. Saboda haka 'ya'yanmu na Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari sukan je shagon intanet, har Gumel ma, don su saba da ita. Mu manya kuma mukan je cika takardar neman aiki.

In an kunna kwamfutar shago, ba ta buɗewa nan da nan. Wani allo ne yake tare fuskarta, yana neman lamba. Wannan shi ne makullinta. Ba na ƙarfe ba ne. Manhaja ce, watau umurnin da aka rubuta wa kwamfuta. Sai ka biya, a ba ka lamba, ka buga, sa'an nan ta buɗe. Daga nan agogo ya fara ƙirga. Lokacinka na cika, sai ta kulle kanta.

Don me ake kulle ta tun farkon kunnawa? Dalili biyu ne. Na ɗaya, in ba haka ba, mai wayo zai kashe ta, ya sake kunnawa, ya yi ta aiki kyauta, mai shago kuwa yana ƙona man janareta. Na biyu, makullin yana hana mugu ya lallaɓa ya dasa manhajar da ke satar kalmar sirrin mutane.

Waɗansu masu shago suna ƙarawa da wata manhaja, Deep Freeze. Duk abin da aka ajiye, da an sake kunnawa sai ya goge. Don haka kada mu bar takardarmu a ciki. Mu sa a buga mana ita.

To, amma mu lura. Makullin mai shago dukiyar shago yake tsarewa. Sirrinmu kuwa yana wuyanmu. Wanda ya tashi ya bar akwatin saƙonsa a buɗe, kamar wanda ya tafi kasuwar Maigatari ne ran Alhamis ya bar rumbunsa a buɗe. Na bayansa yana iya canza kalmar sirrin, ya roƙi 'yan'uwansa kuɗi da sunansa.

Saboda haka, jama'a, kafin mu tashi mu danna wurin fita. In za mu salla, mu ce wa mai shago ya kulle mana. Kalmar sirri kuwa, kada mu faɗa wa kowa. Rigakafi ya fi magani.